Rijiyoyinmu sun ja baya tun da aka fara haƙa: shawarar lauya

Wani magidanci daga ƙaramar hukumar Maru a Jihar Zamfara ya aiko da wannan tambaya: "Barista, shekara guda ke nan da wani kamfani ya fara haƙar ma'adinai a bayan garinmu. Tun daga lokacin rijiyoyinmu suka ja baya, har sai da muka ƙara wa igiyar guga tsawo, ruwan kuma ya sake ɗanɗano. Mun yi magana, sun ce ƙarancin ruwan sama ne. Yanzu suna so su ba mu kuɗi mu sa hannu a wata takarda. Me doka ta ce?"

Malam, Allah Ya kawo sauƙi. Abu na farko, kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar nan sai lauya ya karanta muku ita layi bayan layi. Sau da yawa irinta tana ɗauke da sharaɗin cewa an biya ku, kun yafe duk wata ƙara ta gaba.

Ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, haka sashe na 44(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada. Amma lasisin haƙa bai ba kowa izinin ɓata muku ruwa ba. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta haramta gurɓata ruwa yayin haƙa, ta kuma wajabta biyan diyya ga wanda aka cutar. Sashe na 116 na wannan dokar ya tilasta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen gari kafin ya fara aiki, ana sabunta ta duk shekara biyar. Tambayi hakiminku ko akwai ta, da wanda ya sa hannu a madadinku.

Inda gizo ke saƙar shi ne hujja. Alƙali ba ya shan ruwan rijiya ya yanke hukunci, takarda yake dubawa. Kamfani ya ce fari ne, ku kun ce rami ne. Maganarku tana da tushe, domin idan rami ya yi zurfi har ya taɓo ruwan ƙasa, dole a riƙa zuƙe shi da inji, sai rijiyoyin kusa su bi shi su sauka. Amma maganar baki ba ta isa ba, sai an auna.

Saboda haka ku fara daga wannan makon. Ku zaɓi rijiyoyi huɗu ko biyar, wasu kusa da ramin, ɗaya kuma can nesa inda aikin bai kai ba. Ranar farko ta kowane wata, da asuba kafin mata su fara jan ruwa, a zura igiya mai alamar mita daga bakin rijiya zuwa saman ruwa, a rubuta a littafi guda, mai unguwa da limami su sa hannu, a ɗauki hoto da waya. A yi haka rani da damina. Idan ta nesa tana nan yadda take, na kusa kuma suna ta sauka, zancen fari ya faɗi. Ni dai a ganina wannan littafin ya fi taron zanga-zanga goma amfani.

Ingancin ruwa kuwa aikin ɗakin gwaje-gwaje ne. Kada ku cika gorar lemo ku kai da kanku, lauyan kamfani zai ce a hanya aka zuba wani abu. Ma'aikacin wurin gwajin ya zo ya ɗiba a gaban shaidu, ya rufe, ya rubuta rana da wuri. A wuraren haƙar kwal, irin na Enugu da Kogi da Gombe, abin tsoro shi ne ruwa ya yi tsami ya ja launin tsatsa. A Zamfara kuwa, ƙasar zinariya, ku ce a duba dalma da zaiba. Ma'aunin ruwan sha na Nijeriya bai yarda dalma ta wuce miligiram 0.01 a lita ɗaya ba. Ba sai na tuna maka 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankin Anka da Bukkuyum. Akasarin wancan bala'in ta ƙurar dutsen da ake niƙawa a gidaje ya shigo, don haka a gwada ƙasa ma, a kuma kai yara gwajin jini ba tare da jiran shari'a ba.

Da hujja a hannu, ku rubuta koke ga NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da sashen kula da muhalli na Ma'aikatar Ma'adinai ta Tarayya, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ku damar neman rahoton tasirin muhalli da wata doka ta 1992 ta wajabta a yi kafin irin wannan aiki, kuma kwana bakwai aka ba ma'aikata ta amsa. Rahoton na iya nuna yadda ruwanku yake kafin a kafa inji, ka ga kun samu abin kwatantawa.

Idan abin ya kai ga kotu, Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin shari'ar ma'adinai bisa sashe na 251 na kundin tsarin mulki, tana kuma zama a Gusau. Za ku iya neman diyya, da umarnin dakatar da gurɓatawa, da a haƙa muku rijiyar burtsatse. Ku wakilta mutum biyu ko uku su shigar da ƙara a madadin gari, ya fi araha, ya fi ƙarfi. Kada ku yi jinkiri, ƙara tana da wa'adi.

Duk wannan idan kamfanin yana da lasisi ne. A sa lauya ya bincika a ofishin rajistar lasisin ma'adinai da ke Abuja. Idan babu sunansa, magana ta koma ta aikata laifi, kuma a yanayin tsaron yankinku ban yarda ku tunkare su da kanku ba. Ku bi ta hannun hakimi da ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ke Gusau.