Maciji a sunayen tsirrai, da dalilin da ya sa yake sara ba ya cizo

Wani mai karatu daga unguwar Birni a Damagaram ya aiko da tambaya biyu. Ya ce ya ji Turawan Ingila suna kiran wata shuka mai dogon ganye da ake ajiyewa a tukunya "shukar maciji", shin a kan me ake jingina tsiro ga maciji? Sannan me ya sa muke cewa maciji ya sari mutum, alhali da haƙori ya kama shi?

Malam, shukar da ka ambata danginta ne Bahaushe ke kira moda, kuma zanen da ke ratsa ganyenta, mai kama da fatar maciji, shi ya jawo mata sunan. Wani tsiron kuma amfaninsa ake dubawa, kamar wani ɗan itacen Indiya da masana ke kira Rauvolfia serpentina ("serpentina" na nufin "ta maciji" a Latin), wanda aka daɗe ana ba wanda maciji ya sara saiwarsa. Abin mamaki, da aka tace saiwar a 1952, maganin hawan jini aka samu a ciki. Bahaushe ya fi jingina tsiro ga wasu dabbobin, irin su gautan kura, nonon kurciya da idon zakara, kuma ko itacen sanya da gwandar daji da masu magani ke ba wanda aka sara ba su ɗauki sunan maciji ba.

A ganina tsoron ambaton sunan yana da hannu a nan, domin mutanen da ke cewa "igiyar ƙasa" ko "abin ƙasa" da dare ba za su so liƙa sunan a jikin ganyen da suke tsinka kullum ba.

Tambaya ta biyu ta fi daɗin warwara. Kalmar maciji daga "ciza" ta fito: an sa "ma-" a gaba kamar a manomi da maɗinki, sai "z" ta koma "j" a gaban "i", yadda "kaza" ke zama "kaji". Ma'anarta ke nan mai cizo. Amma da aka zo faɗin aikinsa sai aka zaɓi sara, saboda galibi ba ya kamawa ya tauna irin na kare. Kai yake kaiwa da sauri sau ɗaya, kamar saukar gatari, ya janye. Daga nan aka samu "sari-ka-noƙe", da kuma "macijin ƙaiƙayi" ga mai cuta a ɓoye. Kunama kuwa harbi take yi, tunda da wutsiya take aiki. Harshen nan mai baki biyu da yara ke tsoro ba ya sara, da shi maciji ke ɗaukar ƙamshi ya gane abin da ke kewaye da shi.

A cikin macizai, kububuwa ita ake wa laƙabi da "gobe da nisa", wato wanda ta sara da wuya ya ga gobe. Laƙabin ya ɗan yi zuzutawa, domin dafinta hana jini daskarewa yake yi, mutum ya yi ta zubar jini ta dasashi da bakin rauni, sau da yawa har tsawon kwanaki, kuma allurar kashe dafi ta asibiti tana tsayar da shi idan an kai mutum da wuri.