Yaya, ga yadda muke jego da aiki a Ingila

Yaya, saƙonki ya iso ina cikin bas ina dawowa daga aikin dare, shi ya sa sai yanzu da na ɗan runtsa nake amsawa. Kin ce matan gidanmu na Tudun Wada sun sa ki a gaba da tambaya: wai yaya aka yi na shafe wata tara a gida ba a sallame ni daga aiki ba, kuma wa ya yi mini wankan jego tunda Inna ba ta samu biza ba.

Ta farkon ba wuya. Dokar Ingila ta ba mai haihuwa hutu har mako 52, kuma ba a isa a kore ta don ta ɗauka ba. Amma ki gaya musu hutun ne shekara, kuɗin ba ya kai wa can. Mako 6 na farko ana biyan kashi 90 cikin ɗari na albashi, sai mako 33 na wani ɗan abin da bai kai fam 200 a mako ba, sauran 13 kuwa ko sisi. Mu ma'aikatan asibitin gwamnati namu ya ɗan fi: cikakken albashi mako 8, sai rabi da ɗan ƙari na mako 18. Kuɗin haya kuwa ba ruwansa da jego. Shi ya sa a cikinmu da wuya ki ga wadda ta cinye shekarar. Da kuɗin ya yanke sai a nemo takalmin aiki. Kada ma a raina na gida. Tun 2019 gwamnatin Kaduna ta mayar da hutun ma'aikatanta mata wata shida. Masu koyarwa a makarantun kuɗi ne nake tausayi, irin ƙanwar mijinki ta Samaru da ta koma aji ana gama arba'in.

Wankan ne labari. Nan babu garwa, babu murhu, babu darbejiya a ƙofar gida. Abban yara ne ya riƙa tafasa ruwa a butar lantarki yana juyewa a bokiti, har tururin ya tayar da ƙararrawar gobara, maƙwabciyarmu Baturiya ta ƙwanƙwasa ƙofa a tsorace. Shi kansa hutun mako 2 doka ta ba shi, kafin in warware ya koma. Daga nan sai matan Hausawa na Mancesta suka karɓa. Muna da zaure a WhatsApp, da an haihu ake raba kwanaki: wannan ta kawo tuwo da miyar kuka ranar Litinin, waccan farfesun ƙafar saniya ranar Laraba. Wata dattijuwa 'yar Kano, wadda duk muke kira Umma, ita ke dama kunun kanwa ta hau bas biyu da fulas ɗinta. Ita ce ta gasa mini jiki da tawul, tana faɗa wai yaran yanzu ba mu da juriya. Ungozomar da ke zuwa duba ni a gida ta ga kunun ta tambayi abin da ke ciki, Umma ta ce mata gero ne kawai.

Suna kuwa ana raɗa shi ranar bakwai kamar ko'ina, ragon ku kuka yanka mana a can Zariya. Taron ne muke ɗagawa zuwa Asabar, domin ranar aiki ba wanda zai zo.

Abin da ya fi ba ni wahala ya zo ne bayan na koma. Tun watan Afrilun 2024, ma'aikaci na da ikon neman a sauya masa lokutan aiki tun daga ranar da ya fara, sau biyu a shekara, kuma dole a ba shi amsa cikin wata biyu. Nema fa aka ce, Yaya, ana iya hana ki in an kawo dalili. Na farko da na rubuta ina son a bar ni a kan dare uku tsayayyu, shugabar sashenmu ta ce babu isassun hannu. Sai da wata abokiyar aikina ta yarda mu yi musaya sannan aka sa hannu. Yanzu ina shigowa da safe, Abban yara na tsaye da jakarsa a bakin ƙofa, in karɓi yarinya ya fita. Wani makon gaisuwar kirki ma sai Lahadi.

Kin ce me zai hana in kai ta gidan raino. Akwai awa 30 a mako da gwamnati ke biya wa iyaye masu aiki tun yaro na wata tara, amma wadda take kan bizar aiki mai sharaɗin ba ta da haƙƙin tallafin gwamnati ba ta ciki, kuma yawancin sababbin zuwanmu haka suke. In kin biya da aljihunki, sai ki ga rabin albashin ya tafi. Ke kuwa in za ki fita sai ki miƙa wa Gwaggo yaro ta katanga, ki ce kin tafi. Nan wadda za ta riƙe yara a gidanta don kuɗi sai ta yi rajista da hukuma an zo an duba gidan, don haka tsakaninmu ramuwa muke yi: ki riƙe nawa Talata, in riƙe naki Alhamis.

Ki gaida Inna, ki ce za mu sake nema mata bizar bayan Sallah. In kin samu mai tahowa, a ƙullo mini yajin jego da kanwa ungurnu, domin wata 'yar unguwar Kongo ta Zariya da ke kusa da mu watanta ya tsaya, kuma ni aka ba ranar Juma'a.