Ku Tambayi Malam: An gano ɓoyayyen sinadarin sama?

Tambaya: Malam, na ji wai an gano ɓoyayyen sinadarin nan na sararin samaniya da ba ya fitar da haske. Gaskiya ne? Daga wata ɗaliba a Garwa.

Amsa: 'Yata, tukuna dai. A 2020 na'urar XENON1T, wadda aka kafa ƙarƙashin dutsen Gran Sasso a Italiya don neman wannan sinadari, ta ƙirga ƙyallin haske (wanda ke fita in wani abu ya bugi ruwan da ke cikinta) fiye da yadda aka zata. Sai dai ɗan gurɓin tiritiyam (wani nau'in haidirojin mai fitar da tururin nukiliya) ma yana iya jawo haka, kuma a 2022 magajiyarta XENONnT, wadda ta fi ta tsabta, ba ta ga rarar ba. Ni lissafin ya fi damuna: in kika leƙa wuri ɗari, ba a rasa guda da zai yi kama da alama, alhali dace ne kawai. Shi ya sa masana ba sa cewa an gano sai an kai sigma 5 (sigma ma'auni ne na yadda sakamako ya yi nisa da zama dace kawai). Na XENON1T ko 4 bai kai ba.