Tambaya da Amsa: Wa ke kashe mini MySQL?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da kwamfutocin wata makaranta mai zaman kanta a unguwar Zango, nan Damagaram. Muna da sabar ƙarama mai Ubuntu (wani nau'in Linux) da RAM (ƙwaƙwalwar aiki) giga 2, tana ɗauke da Apache (mai nuna shafukan yanar gizo) da MySQL (ma'ajiyar bayanai), a kanta malamai ke shigar da makin ɗalibai. Duk ƙarshen zangon karatu, idan suka taru a kanta, sai MySQL ya mutu. In tayar, ya sake mutuwa. Wani aboki ya ce in buɗe limits.conf, fayil ɗin da ke iyakance abin da masu amfani za su iya ci a injin, in cire duk iyakokin. In bi shawararsa?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka taɓa fayil ɗin nan tukuna. Ka fara da sanin ko MySQL faɗuwa ya yi da kansa ko kashe shi aka yi, domin maganinsu ba ɗaya ba ne.

Da zarar ya mutu, rubuta sudo journalctl -k, ka duba layukan ƙarshe. Ina kyautata zaton za ka ga "Out of memory: Killed process" da sunan mysqld a gaba. In haka ne, Linux da kansa ya kashe shi da sigina ta 9, wadda manhaja ba ta iya tarewa ko yin biris da ita. Shi ya sa ba ya samun damar rubuta komai a littafin kurakuransa kafin ya tafi. Lambar fita 137 ma wannan take nufi, wato 128 a tara da 9. Idan kuwa 139 ka gani, sigina ta 11 ce: manhajar ta taɓa wurin da ba nata ba a ƙwaƙwalwa, kuma ƙarin RAM ba zai gyara wannan ba.

Ga inda mutane ke ruɗewa. Wanda aka kashe ba lallai shi ne mai laifi ba. Idan ƙwaƙwalwa ta ƙare, Linux na neman wanda ya fi kowa cin wuri, kamar yaron mota da aka yi wa lodi fiye da kima a tasha, sai ya sauke fasinja mafi ƙiba alhali shi ya riga kowa zama. Masu cika motar su ne 'ya'yan Apache, wato kwafin kansa da yake buɗewa don amsa masu shiga shafi. A Ubuntu, idan PHP na gudana cikin Apache, MaxRequestWorkers, wato iyakar yawan 'ya'yan nan, yana zuwa a kan 150. A ce kowane ɗaya na cin mega 50 (ka auna naka da top), 150 ɗin sun haura giga 7, kai kuma 2 gare ka. Ka mayar da shi 20 a cikin mpm_prefork.conf, ka sake tayar da Apache. Malamai za su ɗan jira shafi ya buɗe, amma makinsu ba zai salwanta ba.

Sannan ka duba free -h. Idan layin swap (wurin da Linux ke ara a faifai in RAM ta cika) sifili ne, ka yi fayil ɗin swap na giga 2. Ba shi da sauri, amma ya fi mutuwa.

Shawarar abokinka kuwa ba za ta yi komai ba. Abin da ke cikin limits.conf yana aiki ne a kan wanda ya shiga da sunansa, MySQL kuma systemd, mai kula da manhajojin sabar, ke tayar da shi, ba ya karanta wannan fayil. Ko da ya karanta, cire iyaka ba ya haifar da RAM.

In ba ka ga komai a rubuce ba, buga last reboot. Wataƙila injin ne gaba ɗaya ke mutuwa, saboda ɗaukewar kuran (wutar lantarki) ko zafin Afrilu da Mayu a ɗakin da ba iska. Wannan sai batirin ajiyar wuta da fanka, da kakkaɓe ƙurar da hunturu ya tara a cikinsa.