Kallo a gida: me za a saya, me za a bari?

Wasiƙun wannan makon sun taru ne a kan kayan kallo da abin da ake kallo a cikinsu. Na zaɓi huɗu daga sassan jihar Gombe.

"Anti, barka da aiki. Bikina ya kusa, kuma kayan kallo suna wuyana. Abokaina sun dage sai na sayi talabijin mai intanet inci 55 don fita kunyar dangin amarya. Ita kuwa abin da take bi shi ne Labarina da Daɗin Kowa da fassarar Indiya. Kuɗin hannuna ba su kai yadda mutane ke zato ba. Me zan saya?" Angon gobe, Jekadafari.

Ƙanena, Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya. Ka kyauta da ka faɗi abin da amarya ke kallo, domin daga nan ake fara lissafi. Daɗin Kowa shirin tashar Arewa24 ne, wadda ta fara watsa shirye-shirye a 2014, kuma ana kama ta a satalayit na kyauta, ana kuma samun ta a StarTimes da GOtv da DStv. Labarina na Aminu Saira yana fita a YouTube a tashar Saira Movies. Ka ga ke nan babu ko ɗaya a cikin abin da take so da ke buƙatar inci 55.

Abin da abokanka ba su gaya maka ba shi ne, babbar talabijin tana da ci biyu bayan an biya kuɗinta. Na farko wuta. Ƙaramar talabijin inci 32 ta zamani ba ta cika wuce wat 50 ba, ƙaramin sola da batir ɗaya za su riƙe ta tare da fanka da ƙwan fitila. Mai inci 55 tana iya cin ninki biyu na haka ko fiye. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, amarya za ta fi jin daɗin ƙaramar da ke kunnuwa kullum a kan babbar da ke rataye a bango tana jiran a tayar da janareta. Na biyu data. Hoton da ke fita tangaran a waya yakan dushe idan aka shimfiɗa shi a babban allo, sai ka ga dole a ƙara ingancinsa. Kamfanin Netflix da kansa ya ƙiyasta cewa kallon awa ɗaya a matsakaicin inganci na cin kusan giga 1, a babban inganci kuma har giga 3. Idan ana kallon awa ɗaya kacal kowane dare a babban ingancin, giga 90 ke nan a wata. Ka tambayi kanka ko albashinka zai ɗauki wannan bayan cefane da kuɗin haya, musamman tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025.

Shawarata: ka sayi inci 32 ko 43 ta kamfanin da aka sani, a kafa maka satalayit na kyauta wanda sau ɗaya ake biyan kuɗin dikoda da na mai haɗawa. Ragowar kuɗin ka sa su a sitabilaiza da batir. Idan ka fi son StarTimes, suna da biyan kuɗi na rana da na mako, wanda ya dace da mai samu yau da gobe. GOtv da eriya take aiki, don haka ka fara leƙa gidan maƙwabci ka ga ko tana kamawa da kyau a unguwarku kafin ka zuba kuɗi.

Ranar saye kada ka aiki kowa. Ka je da ƙafarka, a buɗe kwali a gabanka, a kunna. In an ce mai intanet ce, ka haɗa ta da wayarka ka buɗe YouTube a nan cikin shagon, domin akwai waɗanda ake manna musu tambarin manyan kamfanoni alhali cikinsu wani abu ne daban. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar talabijin ɗin da wa'adin garanti. Sannan ka gaya wa amarya, in hadari ya taso da damina ta zare wayar satalayit daga bayan dikoda, tsawa na bi ta nan ta ƙona kaya. Maganar fita kunya kuwa, 'yan ganin ɗaki na kwana biyu ne, ku ne za ku zauna da kayan.

"Hajiya, ina yini. Ƙawata ta ce in bar wahalar YouTube in koma Netflix. Akwai ma wani a WhatsApp da ke sayar da shiga a rabin kuɗi. Ya dace?" Maman 'yan biyu, Tumfure.

'Yar'uwa, ya danganta da abin da kike kallo. Netflix ya shigo Najeriya tun 2016, kuma yana cike da fina-finan Amurka da Koriya da Indiya da na kudancin ƙasar nan, amma na Hausa ƙalilan ne a cikinsa. In kina jin Turanci ko kina iya bin rubutun fassara a ƙasan allo, za ki samu abin kallo har ki gaji. In Kwana Casa'in da Izzar So da Gidan Badamasi ne abincin ranki, kuɗinki za su tafi a banza, ga kuma data da za ki ci gaba da saye a kai. Ki gwada wata ɗaya da tsarin waya, shi ne mafi araha, in bai yi miki ba ki soke kafin wata ya zagayo.

Na WhatsApp ɗin nan kuwa ki rabu da shi. Asusu ɗaya yake rarraba wa mutane da yawa, kuma tun 2023 kamfanin ke toshe irin wannan. Ranar da aka fitar da ke ba ki da wanda za ki riƙe.

"Anti, ni a wajen masu turi nake ɗaukar fim a memori, ya fi mini sauƙi. Wani abokina ya ce ina cutar 'yan fim. Da gaske ne?" Ɗalibi daga Bajoga.

Ɗana, ban ga laifinka ba a neman sauƙi, na san yadda aljihun ɗalibi yake. Amma abokinka ya faɗi gaskiya, kuma ina so ka fahimci dalili. Tun daga Turmin Danya a 1990, fim ɗin Hausa da kaset ya rayu, daga baya faifan CD. Furodusa ya kai kasuwa, a saya, ya mai da kuɗinsa ya shirya wani. Da wayoyi suka yawaita aka koma turi, sai kasuwar faifai ta mutu murus, mutane da yawa suka rasa abin yi. Abin da ya farfaɗo da sana'ar shi ne komawa shirye-shirye masu dogon zango a YouTube, musamman daga 2020. A can, tallan da ke fitowa kafin fim ko a tsakiyarsa shi ne kuɗin mai shirin. Duk wanda ya kalla a tashar mai shi ya saka masa wani abu, ko da bai ciro sisi daga aljihu ba. Wanda ya kalla a memori bai saka komai ba, kuma wannan kuɗin ne ake biyan mai ɗaukar hoto da mai haska fitila da mai dafa wa ma'aikata abinci. Yana damuna in ga muna kukan an jinkirta sabon zango, alhali mu ne muka hana shi kuɗin fitowa.

Ga tsaka-tsaki. Shirin da kake ƙauna da gaske, ka kalle shi a tashar mai shi, ka duba sunan tashar da kyau domin akwai masu kwafa su ɗora a tasu. Ka shiga saitin hoto ka sauke shi zuwa 360, a allon waya ba za ka ga wani bambanci mai yawa ba, datar kuma za ta yi auki. Ka yi amfani da garaɓasar datar dare da kamfanonin waya ke bayarwa. In kuma dole ta kai ka wajen mai turi, ka tsaya a kansa ka ga abin da yake zuba maka. Sau da yawa ana haɗo wa mutum bidiyon da bai nema ba, wayar kuma ta faɗa hannun ƙanne a gida.

"Malama, yarana sun kamu da fina-finan Turkiyya da na Indiya da aka fassara. Na ji an ce na Ertugrul tarihin Musulunci ne, shi ya sa na ƙyale su. Babban shekararsa 11. Na yi daidai?" Mahaifi daga Kumo.

Malam, Allah ya raya mana su. Shirin Ertugrul gidan talabijin na gwamnatin Turkiyya ne ya nuna shi daga 2014 zuwa 2019, a kan mahaifin Usman wanda ya kafa daular Usmaniyya. Mutumin ya rayu da gaske, amma yawancin abin da ake gani a shirin ƙirƙirar marubuta ce, don haka kada yara su ɗauke shi darasin tarihi. Shirin yana da ladabi a sutura da magana, sai dai akwai sara da suka da azabtar da fursuna a fili, wanda ya yi wa ƙananan nauyi.

Fassarar Indiya ta fi buƙatar ido. Fim ɗin asali yakan zo da alamar shekarun da suka dace, amma idan aka fassara aka tura a waya alamar ta ɓace, mai fassara kuma yakan ƙara nasa barkwancin da ba na yara ba ne. Jin Hausa a bakin jarumi ba ya mai da fim na yara.

Ka dawo da kallon falo, a talabijin ɗaya da kowa ke gani, ka karɓe wayoyi da dare. Dikodojin biyan kuɗi suna da lambar sirri ta kulle tasha, mai haɗawa zai nuna maka cikin minti kaɗan, YouTube ma yana da manhajar yara daban. Duk sabon shirin da suka kawo, kai ko mahaifiyarsu ku kalli kashi biyu na farko tukuna, sannan ku yanke ko za a ci gaba da shi bayan an gama aikin makaranta da na Islamiyya.