Likita Ya Amsa: Ƙyanda a Aji, Karatu a Waya

Wasiƙun wannan makon kusan duk daga iyayen yara suka fito, na Makka da Jidda da Madina. Na tattara masu kama da juna wuri guda.

Likita, ɗana ya kwana da zazzaɓi, da asuba na ba shi Panadol ya sauka. Yau suna da jarrabawa. In tura shi? Daga wata uwa a Jidda.

Kada ki tura shi, Hajiya. Panadol danne zazzaɓin ya yi na awa huɗu zuwa shida, kafin azahar zai dawo yana tsakiyar aji. Sai ya yi awa 24 ba zazzaɓi, kuma ba tare da magani ba. Ki kai shi mustausaf, wato ƙaramin asibitin unguwa, a duba shi, su ba ki takardar hutun rashin lafiya ki miƙa wa makaranta.

An samu ƙyanda a ajin 'yata, an ce su koma karatu daga gida. Ita lafiyarta ƙalau. Ba ɓata mata lokaci ba ne? Kuma akwai bikin ƙanwata, zan iya zuwa da ita? Daga Shara Mansur, Makka.

Lafiyarta ƙalau yau, Hajiya, amma ƙyanda kan yi kwana 10 zuwa 12 a jiki kafin ta nuna kanta, wani lokaci har zuwa mako uku. Mai ita kuma yana yaɗa ta kwana huɗu kafin ƙuraje su fito da kwana huɗu bayan sun fito. Ke nan ranar da malama ta ga ƙuraje a fuskar wancan yaron, ajin ya riga ya shaƙa. Shi ya sa ake sallamar aji gaba ɗaya.

Ɗauko katin riga-kafinta yanzu. A jadawalin Saudiyya ana yin allurar ƙyanda a wata 9, sai MMR, allurar da ta haɗa ƙyanda da wasu cututtuka biyu, a wata 12 da wata 18, sai kuma lokacin shiga makaranta. In ta samu aƙalla biyu, hankalinki ya kwanta sosai. In babu, ko katin ya ɓace a ƙaura, ki kai ta yau, don allurar da aka yi cikin awa 72 da haɗuwa da mai cutar tana iya tare ta. Batun biki kuwa, in ba ta da riga-kafi ba za ta ba. Kin san yadda ɗakin mata yake cika ranar kamu, ga jarirai a goye, ga masu ciki. Da kin ga zazzaɓi ko jan ido, asibiti.

Ɗana ɗan shekara uku ya ɗauko baƙon dauro daga yayansa. Kakarsa ta ce ba a kai wannan ciwo asibiti, allura tana mayar da shi ciki ya kashe yaro. Mun rufe shi a ɗaki, ba wanka, tana sa masa kwalli a ido. Yanzu yana numfashi da sauri, ya daina cin abinci. Kuma igamarmu, wato takardar izinin zama, ta mutu. Daga wani uba a Makka.

Alhaji, ajiye wayar nan ka ɗauki yaron nan zuwa asibiti, sauran bayanin ka karanta a can. Numfashi da sauri ga yaro mai ƙyanda alama ce ta ciwon huhu, kuma shi ne ya fi kashe yara a wannan cuta. In ka ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa in ya ja iska, ko leɓensa ya sauya launi, ko ya fara jijjiga, ko ba ya farkawa sosai, kira motar agaji a 997.

Yanzu maganar Inna. Ba na raina ta, don na san inda maganar ta samo tushe. A garuruwanmu na gida ana ajiye yaro sai ya galabaita, ruwan jikinsa ya ƙare, sannan a ruga da shi asibiti. A yi masa allura, ya cika bayan awa kaɗan, sai a ce allura ce. Abin da ido ya gani ke nan, amma jinkirin ne ya yi kisan. Su ƙurajen ba su da inda suke komawa. Suna farawa daga goshi da bayan kunne, su sauko ƙirji da ciki har ƙafa, bayan kamar kwana biyar ko shida su dushe da kansu, fata ta yi saɓa. Ko an yi allura ko ba a yi ba haka suke tafiya. Cutar tun farko tana ciki, a maƙogwaro da huhu da hanji, ƙurajen shaida ce kawai a waje.

Me asibiti za ta yi masa, tunda babu maganin da ke kashe ƙwayar ƙyanda? Da yawa. Za a ba shi bitamin A sau biyu, yau da gobe, gwargwadon shekarunsa, wanda ke kare ido kuma yana rage mace-mace. Za a auna iskar jininsa, a ƙara masa ruwa in ya bushe, a ba shi maganin ciwon huhu ko na kunne in sun shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙyanda ta kashe sama da mutum 100,000 a shekarar 2023, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma mafi yawansu a wuraren da irin wannan kulawa ba ta isa gare su a kan lokaci.

Kwallin nan kuwa, don Allah a daina yau. Ƙyanda tana busar da ido har gaban idon ya yi gyambo, sai a zo a goga masa gari da tsinken da ya shiga idon mutum biyar. Wani kwallin ma da dalma a ciki. Makafi nawa muka taso muka gani a gida waɗanda ƙyanda da maganin gargajiya suka haɗu suka makantar? A goge idon da tsabtataccen auduga da ruwan da aka tafasa ya huce, shi ke nan. Wanka da ruwan ɗumi ba ya cutar da shi. A buɗe taga. A ci gaba da ba shi ruwa, kunu, romo, ruwan gishiri da sukari in yana gudawa, kaɗan-kaɗan a kai a kai. Hana shi abinci mai gina jiki ƙara masa rauni ne, don ko bayan ya warke ƙyanda takan bar garkuwar jiki a raunane na watanni.

Na san tsoron igama ba wasa ba ne, kuma na san shi ne ainihin abin da ya zaunar da kai, ba maganar Inna kaɗai ba. Ka tuna a watan Maris na 2020 Sarki Salman ya ba da umarnin a yi wa kowa maganin korona kyauta, har waɗanda takardunsu ba su cika ba. Wancan umarni na korona ne, amma dalilinsa a fili yake: mai cuta mai yaɗuwa da ya ɓuya ya fi zama haɗari ga kowa. Kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya, a faɗa maka inda za ka. Da ka isa, ka sanar a bakin ƙofa cewa ƙyanda ce, don kada a zaunar da ku cikin jarirai. Ƙwayar tana iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita. Sauran yaran gidan da ba su da riga-kafi, a kai su su ma. Kada ka bari gari ya waye.

Ina wanke kayan makarantar yara da banɗaki da Clorox (bilic) haɗe da Flash (ruwan wanke masai) don su fi kashe cuta. Daga wata uwa a Madina.

Innalillahi! Hajiya, wannan haɗin iskar guba yake fitarwa, mai ƙona huhu, ga banɗakunan nan namu da ba su da taga. Kowanne shi kaɗai, kuma kada ko ɗaya ya taɓa jikin yaro. Kayan makaranta sabulu da rana sun ishe su. Wanda ya shaƙa ya fara tari ko sarƙewa, a fitar da shi iska, a wuce asibiti.

Wani ya ce in riƙa ba yara ɗanyen nonon raƙumi don kada su ɗauko cuta a makaranta.

A tafasa shi tukuna, Malam. Cutar numfashi ta MERS, wadda aka fara ganowa a Jidda a 2012, daga raƙuma take tsallakowa, kuma ɗanyen nono yana kawo zazzaɓin nan mai naci na Malta. Tafasasshe abinci ne mai kyau, amma ba ya maye gurbin allurar riga-kafi.

Tun da aka koma karatu ta waya yarana huɗu ke rabon waya ɗaya. Babbar tana kukan ciwon kai da ido.

Mun sha wannan tun 9 ga Maris 2020 da aka rufe makarantu, 'yan firamare ma ba su koma aji ba sai Janairun 2022, kuma har yau da an yi hasashen ruwan sama a Jidda ko Makka sai a ce a koma manhajar Madrasati. Wayar ba ta makantarwa, amma mai kallonta yakan rage ƙifta ido, sai ya bushe. Duk minti 20 ta ɗaga kai ta kalli nesa na daƙiƙa 20. A jingina wayar a kan teburi, a kunna fitila, a daina darasi a kwance cikin duhu. Darussan tashoshin Ain na talabijin za su rage muku rigimar waya. Da la'asar in rana ta yi sanyi su hau soro su yi wasa, don hasken waje yana rage wa yara matsalar rashin ganin nesa. In tana matse ido ko ciwon kan ya wuce mako, a gwada mata tabarau. Ciwon kai da zazzaɓi da sanƙarewar wuya kuwa ba na waya ba ne, wannan gaggawa ce.

Ƙarambau fa, yaushe yaro zai koma aji?

Sai duk ƙurajen sun bushe sun yi ɓawo, galibi kwana biyar zuwa bakwai. Kada a ba shi asfirin ko kaɗan, yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Brufen ma a bar shi. Panadol kawai, a yanke masa farce.

Ina karantar da yara talatin Alƙur'ani a falona. Ni ma in rufe?

Allah ya saka da alheri, Malam. In ɗaya daga cikinsu ya kamu da ƙyanda, a dakata na mako uku, masu hadda su riƙa turo karatunsu ta saƙon murya. In babu, a raba su gida biyu, safe da yamma, a buɗe taga ko da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na aiki, a daina shan ruwa da kofi ɗaya. Ka nemi kowane uba ya kawo katin riga-kafi, za su fi jin maganarka a kan tawa. Yaron da ya zo da zafin jiki, a kira gidansu su kai shi asibiti.