Kuɗin ciyar da yara sun taru a kaina, me zan yi?

Tambaya: Malam, kotun shari'a a nan Bauchi ta yanka min naira 30,000 duk wata na ciyar da yarana biyu da ke hannun mahaifiyarsu bayan mun rabu. An sallame ni daga aiki, yanzu wata bakwai ban biya ba, kuma ta ce za ta koma kotu. Za a ɗaure ni?

Amsa: Malam, kada ka jira sammaci. Ka riga ta zuwa kotun da ta yanke hukuncin, ka ga rajistara, ka shigar da buƙata a sake duba adadin saboda halinka ya canza. Alƙali ya fi sauraron wanda ya kawo kansa.

A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke bi, ciyar da ɗa namiji na kan uba har ya balaga yana iya nema, mace kuwa har mijinta ya tare da ita. Amma sharaɗin wajabcin shi ne uban yana da hali. Muhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya na Shehu Halil, ya ce ciyarwar 'ya'ya tana faɗuwa da shuɗewar lokaci, sai in alƙali ya riga ya hukunta ta, ko wani ya ciyar da niyyar a biya shi. Taka akwai hukunci, don haka naira 210,000 ɗin nan tana rubuce a kanka har sai kotu ta ce wani abu daban.

Wurin da ya kamata ka tsaya shi ne rarrabe watannin. Watan da kana da abin biya ka ƙi, bashi ne tabbatacce. Watan da babu ko na bakinka, kana da damar roƙon a sauke maka, ko a jinkirta, kamar yadda aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni game da mai ƙunci. Sai dai ƙunci ba a karɓarsa da fatar baki. Kawo takardar sallama daga aiki, bayanan asusunka na banki na watannin, da shaidu biyu adalai da suka san zamanka ciki da waje. Ana iya rantsar da kai a kan ba ka ɓoye dukiya ba. Mutane da yawa nan suke faɗuwa: mutum ya ce ba shi da komai, sai a tarar ya ƙara aure ko ya sayi babur a tsakanin. Irin wannan ne ake tsarewa, da wanda ya ƙi amsa sammaci.

Ka je da tayin da za ka iya cikawa. Misali 15,000 na wata, da 5,000 na rage bashi, ko kwanon masara da shinkafa adadi sananne a madadin wani ɓangare. In kun sasanta ta hannun waliyyinta ko Hisba, a kai wa alƙali ya rubuta, domin sulhun zaure bai soke hukuncin kotu.

Duk abin da ka bayar, ko 3,000 ne, ya bi ta kotu da rasit ko ta banki. Kuɗin makaranta da na asibiti da ka biya kai tsaye, ajiye takardunsu a lissafa maka. Kada ka ce za ka ƙwace yaran don ka huta da biya. Riƙo haƙƙin uwa ne, kuma ciyarwar tana nan kanka ko suna gidanka. In kana son lauya ba kuɗi, nemi ofishin Legal Aid Council da ke Bauchi.